Zanen Makarar Mbah

Lahadi, 4 ga Agusta
Yau na kece raini! Duk 'yan matan garinmu Solo yanzu batik, zanen nan da ake yi wa ado da kakin zuma da rini, suke yayi da farin kambas, amma nasu na kanti ne. Nawa kuwa daga ƙasan akwatin kakata Mbah na zaro shi, aikin hannu, ruwan ƙasa mai ƙananan kusurwoyi. Tela ya yanka min 'yar riga da siket. Tiwi ƙawata ta yi ta ɗaukata hoto, wai ko a Jakarta sai an waiwaya.

Litinin, 5 ga Agusta
Wata tsohuwa a motar haya ta tambaye ni wa ya rasu. Na ɗauka ruɗewar tsufa ce.

Laraba, 7 ga Agusta
Innalillahi. Mama ta ga hoton. Ashe wannan zanen sunansa slobog, da shi ake rufe makara. Mbah da hannunta ta zana shi tun kafin a haife ni, ta ajiye wa ranarta. Ni kuma na kai shi bakin almakashi. To ni ina zan sani? Wa ya taɓa gaya min? Haka na yi ta yi wa Mama tsiwa, sannan na shiga banɗaki na sha kuka.

Asabar, 10 ga Agusta
Mbah ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta juya rigar, ta ce telan bai iya haɗa baki ba. Na ce zan sayo mata wani.
"Na kanti, Gendis? Da kayan inji za ki raka ni?"
Hannunta rawa yake, ba ta iya riƙe abin ɗiga kakin zuma yanzu. Ta ce sai dai in ni zan zama hannun, in zana mata wani.

Talata, 13 ga Agusta
Kaki ya ƙona ni a yatsu uku. Mbah ta ce layina kamar sawun kaza. Tiwi ta zo za ta ɗauki bidiyo, na kore ta.

Alhamis, 29 ga Agusta
An fita yawon hoto ranar Lahadi, ban je ba. Kaina ne ke ciwo, shi ke nan.
Hannuna ya faɗa sosai, Mbah ma ta yarda. Da na so, da na kai rabi. Yau ta yi tari mai tsawo, ta ce in yi sauri mana.
Na ce wutar ce ba ta narka kakin da kyau. Ta dubi wutar, ta dube ni.
Gobe ma layi ɗaya zan yi.