An Cire wa Sani Mari

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya su Yaya Rabi da yara? Mu nan Saulawa sai godiya.

Ranar Talata muka ɗauko ƙaninmu Sani daga gidan mai magani, muka kai shi asibiti da mari a ƙafa. Nas ɗin ta ce ba za ta duba shi a ɗaure ba, mara lafiya ne, ba mai laifi ba. Sai da aka nemo maƙeri ya cire. Na fara bayani, ta dakatar da ni, ta ce, "Malam Sani, ka yarda in duba ka?" Shekara uku rabon da wani ya nemi yardarsa. Sai ya juyo yana kallona.

Yaya, ina jin mun makara. Yana shan magani, amma har yau jan ƙafa yake kamar marin na nan. Jiya ya miƙo mini ƙafafunsa, wai in mayar masa.

Ka sa mu a addu'a, ni dai ƙarfina ya ƙare. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hajara