Allurar da Na Yi wa Lami

Sandamu,
Lahadi, 15 ga Agusta, 2004.

Zuwa ga Gwaggo Zubaida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Sada da yara. Yaya aikin asibiti, yaya ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku daga abin ƙi. Mu nan kowa ƙalau. Damina ta yi kyau, gero ya fara fid da kai, Baba kullum yana gona. Iya tana shan maganin hawan jinin da kika aiko, sai dai har yanzu muna faɗa da ita a kan gishiri.

Gwaggo, wata magana ce ta sa na ɗauki biro, kuma ban faɗa wa kowa ba. Ke kika sa ni a hanyar aikin jinya, da hannunki kika cika mini fom, don haka ke ya kamata ki fara ji. Tun da na dawo hutu Baba ya daina kirana Fadila a gaban mutane, sai Likita. Na ce masa shekara ɗaya kacal na yi a makarantar nas, iyakata gyaran gado da awon zafin jiki da wankin ciwo, allura kuwa sau uku na taɓa yi, malamarmu na tsaye a kaina. Ya yi dariya ya ce a Sandamu duk mai farar riga likita ne. Ba zan ɓoye miki ba, sunan ya yi mini daɗi, har tafiyata ta canza.

Kwana goma sha biyu ke nan da maƙwabcinmu Maliki, aminin Baba, ya zo da 'yarsa Lami, mai shekara huɗu, jikinta zafi zau. Ya riga ya sayo allurar zazzaɓi wurin mai kemis a Daura, don a ganinsa ƙwaya ba magani ba ce, magani sai an tsira. Baba ya kira ni zaure. Na ce gara a kai ta asibiti. Sai ya yi mini kallon nan nasa da kika sani, ga amininsa zaune yana jira. Na kasa ba shi kunya. Na wanke hannu, na zuƙi maganin, uwarta Adama ta kwantar da ita a cinya. An koya mana a raba ɗuwawu gida huɗu a yi a gefen sama ta waje, wallahi nan na nufa. Amma ina kai hannu yarinyar ta zabura, allurar ta shiga can ƙasa, kusa da tsakiya. Ƙarar da ta yi ba irin ta yaro mai tsoron allura ba ce. Maimakon in zare, sai na danna maganin duka.

Kwana biyu zazzaɓi ya sauka. Da ta miƙe tsaye sai aka ga ƙafar dama ba ta ɗaguwa daga idon sawu, jan ta take yi. Nan take unguwa ta yanke cewa shan inna ne. Tsofaffi suka ce Inna ce ta sha ƙafar, masu boko suka ce ai Maliki ya hana a ɗiga wa 'ya'yansa maganin rigakafi, ga sakamako. Ba wanda ya tuna da allura. Ana ta turare da rubutu, ana lallashin Inna. Adama har gida ta kawo mini ƙwai shida a kwano, wai hannuna yana da albarka, da ban karya zazzaɓin ba da cutar ta kama ƙafa biyu. Na karɓa, Gwaggo. Hannu biyu na sa na karɓa, har na ce an gode.

Na buɗe littafinmu na karanta wurin ya fi sau ashirin. Akwai babbar jijiya daidai inda allurata ta shiga, kuma alamun da aka rubuta su ne na Lami ɗaya bayan ɗaya. An ce idan aka fara gashi da motsa ƙafar da wuri, wasu suna samun sauƙi, idan aka bari kuwa ta kan zauna haka. To amma likita ba zai san abin da yake nema ba sai an gaya masa gaskiya, ni kaɗai ce kuma na san ta.

Ina jin tsoro ƙwarai. Ranar farko a makaranta aka gargaɗe mu cewa ɗalibar da aka samu tana allura a gida, korarta za a yi, ba roƙo. Shekara biyu suka rage mini. Ina tsoron Maliki, mutum ne mai zuciya, yana iya kai ni kotun Shari'a a kira sunan Baba a gaban alƙali. Sau da yawa zuciyata ta ce in yi shiru, tunda Inna ta ɗauki laifin kuma ba za ta zo ta ƙaryata ni ba. Kwana goma na yi ina bin wannan shawara.

Jiya da hantsi na ga Lami tana ƙoƙarin bin yara wasa a ƙofar gida. Saman yatsun ƙafarta duk ya goge da ƙasa, yana jini, ita ko a jikinta, don ba ta ma ji. Na je na roƙi Maliki ya bari mu kai ta babban asibiti a Katsina. Ya yarda don ni ce na faɗa. Gobe Litinin za mu bi motar farko, ni da Adama.

Na yanke cewa ba zan bari Adama ta ji a ɗakin likita, a gaban baƙi ba. Zan shiga wurinta da safe kafin ta goya yarinyar. Tun ɗazu nake jera kalmomi, ko ɗaya ta ƙi zama ta farko. Ke da kika shekara ashirin kina gaya wa iyaye abin da ba sa son ji, yaya ake farawa? Na san amsarki ba za ta iso ni kafin gobe ba. Abin da nake roƙo, idan direban motar Fatakwal da zan ba takardar nan ya kawo miki, ki nemi Baba ta wayar Kawu Mansur. Baba yana jin maganarki, kuma lokacin zai riga ya ji komai.

Ki gaishe mini da Baba Sada, da Yazid, da Asma'u da jaririnta. Iya tana gaishe ki, ba ta san abin da na rubuta ba. Ki sa ni a addu'a, Gwaggo, amma ki fara da Lami.

'Yarki,
Fadila.