Riɗin da Na Hana a Yanka

Zuwa ga Alhaji Ƙarami, magajin gonar riɗin nan ta ƙetaren rafi a hanyar Kwandiko, da duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa.

Bari in yi muku kacici-kacici kafin gaisuwa, tunda ni tsohuwa ce, ba mai cin tarata. Gona ɗaya, iri ɗaya, rana ɗaya aka shuka, ruwa ɗaya ya sauka a kai. Ko'ina riɗi ya tsaya iya ƙugu, ganye ya yi rawaya ya zube. Amma a tsakiya akwai wani ɗan wuri, bai fi shimfiɗar tabarma ba, nasa ya kai kafaɗa, kuma har yau kore ne shar. Me ke ƙarƙashinsa? Kowa ya riƙe amsarsa a ciki sai na gama magana.

Assalamu alaikum, Alhaji. Ina gajiya, ina iyali, ina mutanen Kano? Yaya ƙarin haƙurin rashin Alhaji Babba? Allah ya haskaka makwancinsa. Ni ce Delu, wadda ake kira Iya Mai Bas. In sunan bai faɗa maka komai ba, tuna tsohuwar da kake yi wa satar ƙanzo a gindin tukunya in mahaifinka ya zo da kai gona, har nake ce maka angona, kana gudu kana cewa ba ka son mai furfura. To, amaryar taka ce. Sau biyu na je ƙofar gidanka, mai gadi ya ce kana sama kana hutawa. Shi ya sa na ɗauko ɗan bokon da na samu a ajin manya, na rubuta inda kowa zai gani. In ka ga harafi ya karkace, a kan murfin tukunya nake rubutun.

Na ɗaya, ka san ko su wane ne mu, don na lura manajanka bai sani ba.

Mu ba mu da ɗaki a ko'ina. Wanda muke da shi a Sundimina ruwa ya rushe shi tun ina da sauran haƙora, mijina Malam Haladu ya ce maimakon ya sake tara ƙasa ruwa ya sake ci, gara ɗakin da zai gudu ya bar ruwan. Ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katako, na rataya labule a tsakiya. Gaba wurin maza, baya nawa da tukwanena, kowacce a ɗaure da roba don kada su yi ta faɗa da juna a hanya. Kaji a kwando a sama. Muna kiranta Mai Tari, don ba ta tashi sai ta yi tari uku ta tofar da hayaƙi.

Da ita muke bin aiki. Da kaka yankan riɗi a ƙasar Gwaram, daga nan roron wake, sai yankan shinkafa a fadama. In rani ya shigo mu gangara bakin kogi wajen Birnin Kudu, dashen albasa da tsinkar tumatir. Da damina duk inda ake neman hannu a noma. Maza su yi aiki, ni in dafa musu, in na sauke tukunya in ɗauki lauje ni ma. Duk gonar da muka saba sauka ina da duwatsun murhuna uku a can, ba na ɗauke su. In shekara ta zagayo, Mai Tari ta tsaya daidai inda ta tsaya bara, in sauko in tarar da su baƙi ƙirin suna jirana, in ce mun iso gida. Haka nake gane duniya, Alhaji. Wasu da sunan unguwa, ni da murhu.

Na biyu, abin da ya faru a gonarku shekara tara da suka wuce.

Ana tsakiyar yanka, rana tsaka, Malam ya ajiye damin da yake ɗaurewa ya zo ya zauna a inuwar bas, ya jingina da tayar baya. Ya ce Delu, kaina ya yi nauyi, dama min fura kada ki cika ruwa kamar jiya. Na ce in ruwa ya yi maka yawa ka auri mai shanu. Maganar ƙarshe da na yi masa ke nan a duniya. Ina juyowa da ƙwarya na ga malafarsa ta zamo ta rufe masa fuska. Na ɗauka tsiyarsa ce ya soma, har na zungure shi da ludayi.

A makon nan an yi ruwan ƙarshe mai ƙarfi, rafi ya cika ya shanye hanya, ko babur ba ya ƙetarewa, maƙabarta kuma tana wancan ƙetaren. Mahaifinka yana gonar ranar, ruwan ya tare shi shi ma. Ya ce ba za a bar bawan Allah yana jiran rafi cikin wannan zafi ba, a sa shi a nan gefen gona, wurin ya zama nasa har abada, garma ba za ta taɓa shi ba. Ya cire rawaninsa aka haɗa da farin zanena aka yi likkafani. Limamin ƙauyen da ke wannan ƙetaren ya yi masa salla, ɗanmu Sabo ya haƙa da hannunsa. Kafin la'asar an gama. Washegari muka koma yanka, don riɗi ba ya jiran mai takaba, in ya bushe a tsaye fashewa yake ya zube.

Ba a rubuta komai ba. Wa zai ce wa Alhaji Babba ya rubuta?

Na uku, laifina, don kada a ce tsohuwa ta ɓoye nata.

Mahaifinka ya ce a dasa darbejiya a wurin. Na ce a'a, Malam bai taɓa zama a inuwar da ba ta tafiya ba, kuma ni ina da alamata. Daga murhuna, in na fuskanci gabas, taku goma sha ɗaya ne. Mun sa ƙaya, gara ta cinye. Tudun kabarin kuwa, damina ta yi ta lasarsa har ya kwanta daidai da sauran ƙasa. Ban damu ba, duwatsuna suna nan. Kowace kaka kafin in hura wuta sai na taka takuna na je na gaishe shi, na yi masa addu'a, na ba shi labarin shekara: wa ya mutu, wa ya haihu, Mai Tari ta ci taya nawa. Da ƙafa ta soma gajarta takun ya koma goma sha uku, bara har sha huɗu. Nakan ce masa Malam, kai ma ka soma yawon ne a ƙasa?

Na huɗu, bana.

Mun iso kamar kullum, yanzu Sabo ne ke tuƙi, shi ma furfura ta fito masa. Ya rage gudu yana neman wurin tsayawarmu, bai gani ba. Gefen gona ya tafi. An kawo tarakta da bazara an faɗaɗa gonar har bakin rafi, an shuke ko'ina. Na sauko ina dube-dube, babu duwatsu. Na tambayi manajanka, dogon nan mai tabarau, ya ce wai wasu ƙazaman duwatsu ne suka kusa karya musu garma, sun watsa su a rafi. Na shiga rafin har gwiwa ina juya duwatsu ɗaya bayan ɗaya ina neman mai baƙin hayaƙi. Damina guda ta wanke su tas. Duk dutsen rafi kamarsu ɗaya.

Sabo da ya haƙa ramin da hannunsa ya tsaya cikin riɗi yana juyawa kamar baƙo a tasha. Ya ce Iya, ina jin nan ne. Ya matsa ya ce a'a, ko can. Daga nan ya tsuguna ya rufe fuska, ƙaton mutum mai 'ya'ya biyar.

Alhaji, ban san yadda zan faɗa maka kwanakin da suka biyo baya ba. Gona ce da na sani kamar tafin hannuna, ta koma ko'ina na ɗaga ƙafa sai in ji tsoron saukewa. Na koma yin sallama a kan kowace kunyar riɗi. Matan da muke yanka tare suka daina waƙa, kowacce tana tafiya a kan yatsu kamar an shanya gari a ƙasa. Shekara tara ban taɓa kuskuren rabo ba, bana kullum in na gama zuba tuwo sai in ga kwano ɗaya ya yi saura a gabana, cike, ban san lokacin da na zuba ba. Da rana tsaka kuma, in ina zaune a ƙofar bas, sai in hango a madubin gefe kamar mutum ya jingina da tayar baya, malafa a fuska. In na waiga, taya ce kawai da inuwa. Na kai wa liman maganar, ya ce mamaci ba ya dawowa, zuciya ce. Na yarda da shi, karatu ya yi. Sai dai madubin bai yi karatu ba. Na yafa masa tsumma, iska ta ɗauke.

Ba tsoron Malam nake ba. Mutumin da ya sha zagina shekara talatin bai rama ba, ba yanzu zai soma ba. Kunyarsa nake ji. Duk tsawon aurenmu bai taɓa tayar da mota ya manta da ni a wani gari ba, ni ga shi na ajiye shi wuri ɗaya tak na kasa riƙewa.

Ranar da yanka ya kai tsakiyar sabon wurin, na ɗago in miƙe baya, na ga wannan ɗan koren wuri da na faɗa muku a farko. Na zagaya shi sau biyu. Na ce wa masu yanka duk wanda laujensa ya taɓa shi, kada ya ƙara miƙo min kwano. Suka kewaye shi suka wuce. Yanzu an yanke gonar kaf, an jingine dammuna suna bushewa, shi kaɗai ne a tsaye a fili.

Manajanka ya zo yana faɗa. Na gaya masa dalili, ya ce shi lissafin buhu aka ɗauke shi, ba tatsuniyar tsofaffi ba, kuma wataƙila taki ne ya zube a wurin. Ya ce da an gama kaɗe riɗi tarakta za ta dawo a gyara ƙasa a zuba kankana, ba zai sa direba ya yi ta kewaye-kewaye saboda mafarkin wata ba. Ya ce in na ƙara hana aiki, bas ɗinmu ba za ta sake shiga gonar ba. Ban zage shi ba, Allah shaida. Cewa kawai na yi tabaran nasa na ado ne.

Dammuna sun kusa bushewa, Alhaji. Kwanakin da suka rage ba su da yawa. Mu ma wake yana kiranmu a gaba, amma na hana Sabo tayar da mota, na zare makullin na ɗaure a bakin zanena.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba hakkin aikinmu ba ne, wannan an sallame mu.

Ka zo da ƙafarka kafin tarakta ta riga ka. Liman yana raye, idonsa ya yi rauni amma kunnensa ya ji abin da mahaifinka ya faɗa, ka tambaye shi. Ka sa a kewaye wurin, a dasa bishiyar da na ƙi a da, na janye girman kaina, ko darbejiya ko duk abin da akuya ba ta so. Ka gaya wa manajanka da bakinka, don nawa bakin ba ya shiga kunnensa. Riɗin da ke wurin a bar shi ya fashe ya zube inda ya tsiro, tsuntsaye su ci. Kada a zuba shi a buhu a kai kasuwa wata ta saya ta yi wa 'ya'yanta kantu.

Sannan ka bar Mai Tari ta riƙa shigowa kowace kaka muddin tana iya tari. Ban ce ka ajiye min wuri kusa da shi ba. Irinmu ba ma zaɓe, duk inda mota ta tsaya da ni nan ne, ko gonar wake ko bakin kogi. Shi dai da ya riga ya samu nasa, a bar masa.

Allah ya ƙara maka arziki mai albarka, ya sa gonar ta yi ta bayarwa, ya raya maka zuriya. Allah ya jiƙan mahaifinka da ya tuɓe rawaninsa saboda ɗan ƙwadago. Ranar da taka ta zo, bayan tsawon rai, Allah ya sa a kwantar da kai a wurin da 'ya'yanka ba za su yi ta juyawa suna nema ba. In ka zo kuma akwai ƙanzo, na daina hanawa.

Wassalam.

Taka tsohuwar amarya,
Delu, Iya Mai Bas.

Na kusa mantawa da kacici-kacicin. Na auna wurin da igiyar ɗaurin dami. Tsawonsa tsawon mutum ne, ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Malam Haladu ne a ƙarƙashinsa.