Shafin da ake goyawa a babur

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar mana da manhajar gina shafin yanar gizo, Sakkwato.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, na fito da maganar nan fili ne saboda kun daina ɗaukar wayata.

Ni malamin kwamfuta ne a Goronyo. Baƙo ne ni, koyarwa ta kawo ni, amma ƙungiyar manoman albasa ta yarda da ni, ta ce in gina mata shafin da kowa zai duba a wayarsa ya ga ranar da injin ban ruwa na haɗaka zai iso gonarsa. Wakilai uku ke tsara layin masu jiran injin, na Wurno da na Tursa da na Kagara, kowa daga garinsu.

Na farko, duk wannan na bayyana wa ma'aikacinku. Manhajar iri biyu ce: mai zama cikin kwamfuta ɗaya, da wadda ake ɗorawa kan saba, wato babbar kwamfutar da ba a kashewa, kowa ya shiga daga inda yake. Abin da kawai ya tambaye ni shi ne kwamfuta nawa gare mu. Na ce ɗaya. Ya ce ta farkon ta ishe mu, ta biyun ai ta bankuna ce. Ashe bai san a nan jaki ɗaya kan yi wa unguwa guda aiki ba.

Na biyu, ga abin da kuka jawo. Da an rufe kwamfutarmu, shafi ya mutu. In wakilin Wurno zai gyara layi, sai an goya ta a babur an kai masa. Har tsokanata ake yi a kasuwa, wai shafin Malam ya tsaya shan mai.

Dariya ta ƙare ranar da wakilin Kagara ya sauya layi, ya rufe kwamfutar ya wuce fadama. Kawu Ɗanjuma na Tursa, dattijon da ya tsaya mini gaban ƙungiya, ya yi ta jiran injin da tuni an kai wa wani, har dashensa ya ƙone. Da ya gan ni bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, mi niy yi maka? Ni nic ce a yarda da kai." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Na uku, da na kawo kuka, kun ce abin da aka buɗe ba a mayarwa. To, mu kafin a ɗinke buhu ake duba albasa, ku kuwa a ɗinke kuka miƙo mini.

Buƙatata biyu ce. Ku canza mana da wadda ake ɗorawa kan saba. Sannan kai da kanka ka zo taron ƙungiya na ranar kasuwa, inda za a yanke ko a karɓe aikin daga hannuna, ka faɗa da bakinka wanda ya zaɓa mana wannan. Albasar Kawu ba za ta dawo ba, amma ina so in iya gaishe shi ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Allah ya shirye ku, ya kuma raba ku da irin shawarar da kuka ba ni.

Wassalam.

Malam Bulus, Goronyo.