Hannun Mama na hagu

Yaya,

Na kira ka har na gaji, wayarka a kashe. Mun tafi babban asibiti da Mama, maƙwabcinmu mai tasi ne zai kai mu.

Bayan fitarka ciwon kan nan nata na ɓari ɗaya ya tashi. Na rufe labule, na kashe rediyo, na danna mata ƙeya da tsakanin gira yadda muka saba. Sai na kama hannunta na dama, na matsa tsokar nan ta tsakanin babban yatsa da manuni. Ka san halinta, nan take ta fizge, wai “Ke ’yar nan, karya ni za ki yi?” Har na yi dariya.

Da na koma na hagu, shiru. Na ƙara ƙarfi, shiru. Kofin ruwan da na miƙa mata ma ya suɓuce daga hannun. Wannan ba irin ciwon da muka sani ba ne, kuma ba na danne-danne ba ne, don Allah kada ka ce na cika tsoro.

Ka ɗauko ledar magungunanta a kan firij, har da na hawan jinin da take ɓoyewa a ƙarƙashin filo, ka same mu a ɓangaren gaggawa. Kada ka tsaya cin abinci.

Yaya, sai da farcena ya yi mata shaida a fata, ita kuwa tana kallona tana cewa, “To ki fara mana, me kike jira?”

Ƙanwarka