Rasuwar Eilif Hovdenakk da Minti Huɗun da Muka Ci Gaba da Kiɗa

Cikin alhini da kaɗuwar da har yanzu ba ta sake mu ba, Ƙungiyar Makaɗa ta Brimlys, a madadin mambobinta bakwai da suka rage da duk masu yi mata ɗawainiya, tana sanar da jama'a rasuwar wanda ya assasa ta, shugabanta, mai busa mata tuba, wato ƙaton ƙahon tagullar da ya gada daga mahaifinsa, kuma malamin badujalar yaran makarantar tsibirin Skarvøy, Mai girma Eilif Ragnvald Hovdenakk, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar Asabar, goma sha biyu ga watan Yuli, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, yana da shekara hamsin da biyu a duniya. An saba a irin wannan takarda a ce an sami labari. Mu kam ba labari muka samu ba. A gabanmu aka yi, kan dandamali ɗaya muke da shi, kuma ni mai rubuta wannan, makaɗin gangunan ƙungiyar, tsakanina da inda ya faɗi bai wuce taku uku ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarsa, Uwargida Oddbjørg Hovdenakk, wadda duk tsibirin ke kira Kaka, da mai ɗakinsa, Uwargida Torunn, da 'yarsu Sunniva, da yara arba'in da ɗaya na badujalar makaranta. Bayan ta'aziyya kuma akwai wata magana wadda ƙungiya ta yanke shawarar a faɗe ta a fili, domin muna da laifi a wurin Kaka Oddbjørg, kuma nawa ya fi na kowa girma.

Marigayin ya kafa Brimlys shekara ashirin da huɗu da suka wuce, shi da abokansa na badujalar makaranta, a ɗakin ajiye kwale-kwalen mahaifinsa. Ya ɗauko kiɗan jaz, ya haɗa shi da amon jita mai tasowa sannu a hankali har ya cika ɗaki, ya zuba musu sautin kwamfuta, sannan ya kafa doka cewa ba za a taɓa sa mawaƙi ba. Duk wanda ya tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce: "Magana ta fasto ce da 'yan majalisa. Mu busa kawai." A ƙarƙashin jagorancinsa ƙungiya ta fitar da faifai bakwai, ta yi wasa daga Tromsø har Osaka, amma bai taɓa yarda a sa mana wasa ranar sha bakwai ga Mayu ba, ranar bikin ƙasa, domin ranar yana gaban yaransa na badujala, yana zagaya tsibiri da su cikin ruwan sama, suna busa abin da Allah kaɗai ya san sunansa, shi kuwa yana tafe yana murmushi kamar an ba shi sarauta.

Shi ne ya tsince ni shekara tara da suka wuce, ina kaɗa bokitan fenti a bakin tashar jirgin ƙasa ta Oslo, ba ni da takardar kowace makaranta sai karatun allo da na taso da shi. Ya tsaya ya saurara har kofinsa ya huce, sannan ya ce, "Hannunka na da kyau. Bakin ne dai ban san yadda za mu yi da shi ba." Da ya ga sauran 'yan ƙungiya sun fi son a cire musu haƙori da a miƙa musu makirufo, sai ya naɗa ni kakaki. Yana kira na Aku, ina kiransa Tsoho. Na taɓa cusa masa busasshen kifi a cikin tuba, ya yi wasa biyu a Jamus yana zargin mai busa saksofon da rashin wanka. Bai taɓa riƙe ni a zuciya ba, sai dai ya rama, kuma ramuwarsa ta fi tawa zafi.

Ga abin da ya faru, kuma muna roƙon a karanta shi har ƙarshe kafin a yanke mana hukunci.

Muna da wani kiɗa mai tsawon minti ashirin da uku da muke rufe wasa da shi. A ƙarshensa Eilif yakan ja numfashi ɗaya ya riƙe sauti har fuskarsa ta yi jawur. Shekara biyar da suka wuce, a Bergen, na ce masa, "Tsoho, wata rana wannan ƙahon sai ya kayar da kai. In ka isa, yau ka faɗi da kanka mu gani." Ya harare ni. Da kiɗa ya ƙare sai ya ajiye tuba a hankali kan shimfiɗarta, ya zube kamar buhun dankali. Ɗaki ya ɗauki ihu. Tun daga ranar abin ya zama al'ada, har masu kallo sukan jira shi. Ni na ƙirƙiro wannan wasa, babu wani.

Dole kuma a san yadda muke aiki. Kowannenmu yana da 'yar na'ura a kunne mai ƙirga masa bugu, ƙas, ƙas, ƙas, kuma dokar Eilif ita ce ko rufin ɗaki ne ya faɗo, kada wanda ya tsaya sai ya ga ya ɗaga hannu. Sannan tun a farkon kiɗan kwamfuta takan naɗi busarsa ta riƙa maimaita ta a ƙasa, shi kuma yana ɗora sabuwa a kai.

Ranar Asabar muna wasa a garinsu, a tsohon ɗakin shanyar kifi na bakin teku, rana tana shigowa ta tagogi, mutum ɗari uku a zaune, kusan duk sun san shi tun yana ɗan gajeren wando. Saura minti huɗu kiɗan ya ƙare sai ya faɗi. Ba a inda ya saba ba. Jama'a suka fashe da dariya, suka hau tafi. Ni kuwa na ce a raina, lallai Tsoho, yau ka canza lokaci don ka ruɗa ni, to ba ka isa ba. Na yi dariya na ƙara wa ganguna wuta. Busarsa tana ta fita daga lasifika kamar yana tsaye, ƙirga tana tafiya a kunnuwanmu, hannu bai ɗagu ba. Mu bakwai, babu wanda ya tsaya.

Mutum ɗaya ce cikin ɗakin nan ba ta yi dariya ba. Kaka Oddbjørg, mai shekara tamanin da ɗaya, ta tashi daga layi na uku, ta ratsa mutane suna ba ta hanya suna tsammanin ita ma cikin wasan take, ta hau matakala biyar da sandarta, ta zo gabana ta maka sandar kan faifan tagullar da ke jikin gangunana. Na cire na'urar kunne. Ta ce, "Ku yi shiru! Ɗana bai taɓa jefar da ƙahon ubansa ba." Sai a lokacin na duba. Bai ajiye tubar ba. A kanta ya faɗi, bakinta ya lotse a ƙarƙashin ƙirjinsa.

Wata ma'aikaciyar jinya daga cikin masu kallo ta hau danna masa ƙirji, jirgi mai saukar ungulu ya zo daga Ålesund, amma kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ta ce zuciya ce. Na tambaye ta ko da mun tsaya nan take da ya rayu. Ta ce ba za ta ce mini e ba, ba kuma za ta ce a'a ba, domin ba ta sani ba. Da wannan amsar muke kwana muke tashi.

Mun san akwai waɗanda suka ɗauki abin a waya, ana ganinmu muna kiɗa, ana jin dariya. Ƙungiya tana roƙon duk mai shi, don girman Allah da darajar iyalan marigayin, ya goge. Wanda ya yi tafi kada ya zargi kansa, abin da muka saba masa da shi ya gani. Haka kuma an soke dukkan wasanninmu na bana, kuma ba mu da ta cewa tukuna game da makomar Brimlys.

Ranar Litinin Uwargida Torunn ta aiko cewa iyali suna son 'yan ƙungiya su ɗauki gawar daga coci zuwa kabari. Akwatin gawa mariƙi shida gare shi. Mu bakwai ne. Kowa ya sunkuyar da kai yana juya kofi, amma duk mun san wanda ya kamata ya koma gefe. Na ce musu kada su wahalar da kansu, zan tsaya a wajen shinge, in ma Kaka ba ta son ganina a tsibirin ba zan taka shi ba. Amma sai na ji daga bakinta.

Jiya Talata da hantsi na hau jirgin fito na je gidanta. Shekara tara ina cin wainarta da cuku a ɗakin girkinta ina tsokanarta cewa za ta aure ni, jiya kuwa na cire takalmi na kasa wuce bakin ƙofa. Na faɗi abin da ya kawo ni, tun daga Bergen har dariyar da na yi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Zauna, ka tare mini haske." Na zauna. Ta ce, "Kai har kana ganin kai ka koya masa faɗuwa? Yaron da tun yana shekara shida yake sumewar ƙarya a coci don a fitar da shi kafin wa'azi? Kada ka ɗauki girman da ba naka ba." Na fara kuka. Ta ce, "A'a, kada ka yi saurin murna. Fushi nake yi. Da kai, da shi, da sauran shidan da suka tsaya jiran hannu kamar tumaki. Ban gama ba, kuma ban san ranar da zan gama ba."

Na ce na ji, na kuma gaya mata na bar wa 'yan'uwana mariƙan akwatin. Ta ce, "Da ma ba za ka ɗauke shi ba. Ga ka kamar tsinke, ku je ku yar mini da shi a kan tudu?" Ta tura mini kofi. "Daga ƙofar coci zuwa kabarin ubansa hawa ne, duk tsakuwa. Torunn za ta riƙe Sunniva. Ni ba ni da wanda zai riƙe ni, shi ne mai yi. Kai za ka kama hannuna. Kuma in ga ko za ka iya tafiyar minti goma ba ka buɗe wannan bakin ba."

Saboda haka ƙungiya tana sanar da cewa za a yi jana'izar Mai girma Eilif Ragnvald Hovdenakk ranar Alhamis, ashirin da huɗu ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana, a cocin Skarvøy, kuma iyali suna gayyatar kowa shan kofi a ɗakin taron gari bayan an dawo. Masu zuwa daga nesa su kama jirgin fito na sha ɗaya. Mutum shida daga cikinmu za su ɗauke shi. Na bakwai zai bi baya da mahaifiyarsa.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya ba Uwargida Oddbjørg, da Uwargida Torunn, da Sunniva, da dangi, da ɗalibansa, da duk mutanen Skarvøy haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya sanyaya musu zuciya a lokacin da ya ga dama. Ni kuma ya ba ni ƙarfin hannu a kan tudun nan, kada tsohuwa ta yi tuntuɓe.

Sa hannu:
Sankung Kanuteh
Makaɗin ganguna kuma Kakakin Ƙungiyar Makaɗa ta Brimlys
Ålesund, Laraba, 16 ga Yuli