Shokozoban da Baba Ya Sa a Nemo

Yaya,

Na wuce wurin aiki, ban so in tashe ka ba.

Ɗazu Mai Sifana ya zo, bakaniken Baba. Ya kawo shokozoban gaba, masu rage jijjiga, na tsohon babur ɗin nan, waɗanda Baba ya daɗe da sa shi nema, sai yanzu ya samu masu shiga daidai. Ya shigo da murnarsa yana cewa, "Ina mutumin nawa? Ya fito ya gani!" Ashe ya yi tafiya, bai ji rasuwar Baba ba. Ni na gaya masa.

Duk da haka ya ce sai ya ɗaura su. Ya cire tayar gaba da tsofaffin, amma ya kasa ƙarasawa, ya tafi. Babur ɗin na nan bisa bulo a bakin ƙofa.

Don Allah ka haɗa shi kafin Mama ta fito ta gan shi haka. Mai Sifana ya ce wai don ita Baba ya so canjin, saboda jijjigar na tayar mata da ciwon baya. Ban gaya mata ba, Yaya. Na kasa.

Ƙanwarka